Yadda Kamfanin Ƙera Kayan Mota Ke Samun Kuɗi: Darasi Daga Kamfanin Denso

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji bakanike ya buɗe bonet ɗin Corolla ko Camry ko Hilux, idan ya duƙa ya duba da kyau zai lura da wani abu. Tambarin da ke gaban motar na Toyota ne, amma a jikin altaneta da kik da kwamfiresar esi, har da akwatin nan da ake kira ƙwaƙwalwar mota, sau da yawa wani suna daban ne a rubuce: DENSO. Sunan nan kuma shi ne a kan kwalin fulogin da ake sayarwa a Kofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, da Ladipo ta Legas.

Mutane da yawa sun ɗauka kamfanin da sunansa ke jikin mota shi ne ya ƙera komai na cikinta. Ba haka abin yake ba. Akwai manyan kamfanoni da ke bayan fage, cinikinsu na shekara ya fi na wasu sanannun kamfanonin motocin kansu. Wannan darasi zai ɗauki ɗaya daga cikinsu, wato Denso na ƙasar Japan, ya warware yadda kuɗi ke shigo masa, da inda suke zurarewa, da dalilin da ya sa motar lantarki ta zame masa abin so kuma abin tsoro. Darasin zai amfani mai mota da ke sayen kayan gyara, da ɗan kasuwa, da kuma mai koyon rubuta manhaja.

Wa ke ƙera mota?

Mota ɗaya tana ɗauke da ƙananan sassa kimanin 30,000 idan an ƙirga har da kusoshi da notuna. Babu kamfanin da zai iya ƙera wannan duka shi kaɗai cikin sauƙin farashi. Shi ya sa aka raba aikin hawa-hawa.

A sama akwai masu harhaɗa mota, irin su Toyota da Honda da Volkswagen. Su ke zana motar, su ƙera gangar jiki da galibin injin, su harhaɗa, su sa tambari, su sayar.

A ƙarƙashinsu akwai kamfanonin hawa na ɗaya. Su ke kai wa masu harhaɗawa kammalallen sashe kai tsaye, misali na'urar esi gaba ɗayanta ko kwamfutar injin. Bosch da ZF da Continental na Jamus, da Magna na Kanada, da Aisin da Denso na Japan duk a nan suke.

Sai hawa na biyu da na uku, masu sayar wa hawa na ɗaya ƙananan kaya: cip, waya, roba, ƙarfe, tagulla.

Abin ya yi kama da wayar hannu. Sunan da ke bayan wayar daban, kamfanin da ya yi allon fuskarta daban, wanda ya yi cip ɗinta daban. Denso yana cikin mafi girma a hawa na ɗaya, kuma a jerin da ake fitarwa shekara-shekara yawanci shi ne na biyu a duniya, bayan Bosch.

Taƙaitaccen tarihin Denso

Asalin Denso wani sashe ne a cikin Toyota mai kula da kayan lantarki da lagireto. A ranar 16 ga Disamba 1949 aka yanke shi ya zama kamfani mai cin gashin kansa da sunan Nippondenso, hedikwatarsa a garin Kariya da ke jihar Aichi. Lokacin Japan ba ta daɗe da fita Yaƙin Duniya na Biyu ba, kasuwar mota a mace take. Don ya rayu sai da kamfanin ya ƙera har injin wanki. A 1950 ma ya yi wata motar batir guda 50 saboda ƙarancin fetur.

A 1953 ya ƙulla yarjejeniyar fasaha da Bosch, inda ya koyi tsarin ƙira da kula da inganci irin na Jamusawa. A 1961 ya ci lambar yabo ta Deming, wadda ake bai wa kamfanonin da suka yi fice wajen inganci. A 1996 aka cire "Nippon" daga sunan ya koma Denso kawai, domin a lokacin harkarsa ta riga ta wuce Japan. Yau yana da ma'aikata kimanin 160,000 a ƙasashe sama da 30, kuma har yanzu Toyota ne babban mai hannun jari, yana riƙe da kimanin kashi ɗaya cikin biyar.

Kuɗin shiga daban, riba daban

Kafin a shiga hanyoyin samun kuɗi, dole a rarrabe kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa. Kuɗin shiga shi ne jimillar cinikin da aka yi. Riba kuwa ita ce abin da ya rage bayan an cire kuɗin kaya, albashi, wuta, bincike da sauran ɗawainiya.

Shekarar kasuwanci a Japan tana farawa ne 1 ga Afrilu ta ƙare 31 ga Maris. A shekarar da ta ƙare Maris 2024, Denso ya yi cinikin sama da yen tiriliyan 7.1, ribar aikinsa kuma wajen yen biliyan 380. A wadda ta ƙare Maris 2025 cinikin bai motsa sosai ba, amma ribar ta hau zuwa wajen yen biliyan 519. A kuɗin Amurka, cinikin yana tsakanin dala biliyan 46 da 50, gwargwadon canji.

Idan aka raba, za a ga cewa daga kowane yen 100 da ya shigo, 5 ne da ɗan ɗoriya ya zama riba a shekarar farko, 7 da ɗan ɗoriya a ta biyu. Wannan shi ne halin sana'ar: ciniki mai yawa, riba siririya. Kamar dillalin hatsi ne a Dawanau, ribarsa a kan buhu ɗaya kaɗan ce, yawan tireloli ne ke tara masa kuɗi.

Hanya ta farko: sayar wa masu harhaɗa mota

Wannan ita ce uwar hanyoyin. Wajen kashi tara cikin goma na cinikin Denso daga nan yake fitowa, kuma kusan rabin cinikin gaba ɗaya daga rukunin Toyota ne, wato Toyota da Lexus da Daihatsu da Hino. Saura kuma daga irin su Honda, Subaru, Suzuki, Mazda, Ford, General Motors da Stellantis.

Ga yadda cinikin ke gudana. Shekaru biyu zuwa huɗu kafin sabuwar mota ta fito, mai harhaɗawa zai fitar da bayanin abin da yake so: girman na'urar, nauyinta, zafin da za ta jure, da farashin da yake hari. Kamfanonin hawa na ɗaya su yi takara. Wanda ya ci zai kashe kuɗinsa wajen zane, gwaji, rubuta manhaja da girka injinan ƙira, tun kafin a sayar da mota ko ɗaya. Wani lokaci mai harhaɗawa yakan biya wani kaso na wannan ɗawainiya, amma yawanci a cikin farashin kowane guda ake mayar da kuɗin sannu a hankali. Da zarar an fara ƙera motar, kwangilar takan ɗauki tsawon rayuwar samfurin, shekara biyar zuwa bakwai.

Misali na ƙaddarawa zai fito da lissafin fili. A ƙaddara an ci kwangilar wata na'ura da za a riƙa sayarwa dala 40, ana sa ran mota 400,000 a shekara har shekara biyar.

Yawan na'urori: 400,000 sau 5, ya ba da miliyan 2.
Kuɗin shiga: miliyan 2 sau dala 40, ya ba da dala miliyan 80.
Idan ƙera kowace na cin dala 34, abin da ke saura dala 6 ne, jimilla dala miliyan 12.
A cire dala miliyan 7 da aka kashe tun farko a zane da injina, ribar ta tsaya dala miliyan 5.

To, idan motar ba ta karɓu ba, aka sayar da rabin abin da aka yi tsammani fa? Dala 6 sau miliyan 1 ya ba da dala miliyan 6, alhali an riga an kashe miliyan 7. An faɗi da dala miliyan 1, ba tare da na'urar ta yi laifin komai ba. Ke nan arzikin mai kayan mota a ɗaure yake da kasuwar motar wani.

Akwai kuma wata al'ada a sana'ar: mai harhaɗawa yakan nemi a riƙa rage masa farashi lokaci-lokaci. A misalin nan, idan ragin kashi 2 cikin 100 ne duk shekara, dala 40 za ta koma 39.20, sannan 38.42, sannan 37.65, a shekara ta biyar 36.90. Wannan kaɗai zai cinye sama da dala miliyan 3 daga ribar miliyan 5 ɗin. Mafita ɗaya ce, a rage kuɗin ƙira da sauri fiye da yadda farashi ke sauka. Dalilin da ya sa kamfanonin Japan suka riƙe tsarin da suke kira kaizen ke nan, wato gyara kaɗan-kaɗan kullum: a rage daƙiƙa biyu a nan, a rage giram ɗaya na tagulla a can. Daƙiƙa biyu sau miliyan 2 ba wasa ba ce.

Kayan da ke kawo kuɗin

A rahotonsa na shekarar da ta ƙare Maris 2024, cinikin Denso ya kasu kamar haka:

1. Kwamfutocin mota da kayan lantarki: ƙwaƙwalwar injin, mitar gaban direba, kyamara da rada masu hango abin da ke gaba su taka birki. Wannan ya ɗan haura kwata na cinikin, kuma shi ne mafi girma.

2. Kayan sanyaya da ɗumama: esi, lagireto, kwandensa. Kusan kwata.

3. Kayan injin fetur da dizal: injekta, famfon dizal, kwayil, fulogi. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar.

4. Kayan wutar mota da na motocin batir: altaneta, kik, inbata, moto. Kimanin kashi ɗaya cikin shida.

5. Sensa da cip: ƙaramin kaso, amma suna shiga cikin sauran kayan.

6. Harkokin da ba na mota ba: wajen kashi 2 cikin 100.

Abin lura a jerin nan shi ne, sashen da ya fi kawo kuɗi a kamfanin kayan mota shi ne na kwamfuta. Motar zamani tana da ƙananan kwamfutoci gommai, masu tsada ma sukan kai 100, kowace da manhajarta.

Fasaha ma tana sa farashi ya tashi. A 1995 Denso ya fara ƙera tsarin feshin dizal na bututu ɗaya mai matsi sosai, wanda kwamfuta ke sarrafawa, aka fara sa shi a manyan motocin Hino. Wanda ya riga kowa fito da irin wannan yakan sayar da tsada na 'yan shekaru, kafin abokan takara su kamo shi farashi ya faɗi.

Hanya ta biyu: kasuwar kayan gyara

Mota takan yi shekara 15 ko 20 a kan titi, a Najeriya da Nijar ma ta wuce haka. Fulogi zai ƙone, filta za ta toshe, kwamfiresa za ta mutu, waifa za ta tsage. Duk motar da aka sayar yau, kwastoma ce ta gobe.

Kayan gyara suna fita ta ƙofa biyu. Ta farko, a cikin kwalin mai motar: a buɗe kwalin fulogi mai tambarin Toyota, abin da ke ciki yawanci na Denso ne ko na NGK. Ta biyu, a cikin kwalin Denso kansa, ta hannun dillalai. Abu ne kusan iri ɗaya, sai dai na kwalin mai motar yakan fi tsada saboda an ƙara hannu ɗaya a tsakani.

Wannan kasuwa ƙarama ce idan aka gwada ta da ta farko, amma tana da daɗi biyu. Ribar kowane guda ta fi kauri, domin an riga an mayar da kuɗin zane, kuma mai saye ɗaya ba shi da ƙarfin matsa farashi irin na Toyota. Sannan ba ta faɗuwa tare da kasuwar sababbin motoci. Idan tattalin arziki ya yi tsanani mutane suka daina sayen sabuwa, tsohuwar suke ta gyarawa.

Babbar matsalarta ita ce jabu. Fulogi mai bakin iridiyom misali ne mai kyau. Iridiyom ƙarfe ne mai tsada da ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 2,400, shi ya sa ake iya yin bakin fulogin siriri ƙwarai, a wasu samfuran Denso milimita 0.4 kacal, kuma nau'in mai dogon zango yakan yi kilomita 100,000. Mai yin jabu yana kwaikwayon kwali da rubutu, ya sa ƙarfe mai araha a baki. Kamfani ya rasa ciniki, mai mota ya rasa kuɗi, in injin ya fara tsalle kuma sunan kamfanin za a zaga.

Hanya ta uku: abin da ba mota ba, da labarin lambar QR

A farkon shekarun 1990, masana'antun rukunin Toyota suna amfani da bakod wajen bin sawun kaya. Bakod ba ya ɗaukar fiye da haruffa wajen 20, don haka akwati ɗaya sai a manna masa da yawa, ma'aikaci ya yi ta haskawa ɗaya bayan ɗaya. Wani injiniyan Denso mai suna Masahiro Hara da 'yar ƙaramar tawagarsa suka ɗauki aikin warware wannan. A 1994 suka fito da lambar QR, sunan da ke nufin amsa cikin hanzari.

Lambar QR tana iya ɗaukar alƙaluma har 7,089, ko haruffa da alƙaluma 4,296. Murabba'ai ukun nan da ke kusurwoyinta an zana su ne da ma'aunin baƙi da fari na 1:1:3:1:1, tsarin da ba kasafai ake samunsa a takardun da aka buga ba, don na'ura ta gane lambar nan take ta kowace fuska. Kuma ko da kusan kashi 30 cikin 100 na jikinta ya lalace ana iya karanta ta, domin an yi ta ne don masana'anta, inda maiƙo da datti ba sa ƙarewa.

Darasin kasuwancin yana cikin abin da ya biyo baya. Kamfanin yana da haƙƙin mallakar ƙirƙirar, amma ya sanar cewa ba zai karɓi kuɗi daga masu amfani da ita ba. A 2000 ta zama ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO. Yau da ita ake haɗa WhatsApp da kwamfuta, da ita ake biyan kuɗi a shaguna. To ina ribar? Reshensa mai suna Denso Wave yana sayar da na'urorin karanta lambar ga masana'antu da shaguna da rumbunan ajiya. Da an sa mata kuɗi, da wataƙila wata lambar ce ta mamaye duniya. Masu rubuta manhaja sun san wannan salo: a saki abu kyauta ya yaɗu, a ci abinci daga abin da ke kewaye da shi.

Denso Wave yana kuma sayar da ƙananan robot na masana'anta, waɗanda asalinsu don aikin cikin gida aka ƙera su. A 2023 kuma Denso ya kammala sayen Certhon, wani kamfanin Holan mai gina rumfunan noma na zamani. Hujjar ita ce, wanda ya iya daidaita zafi da sanyi da iska a cikin mota zai iya yi wa tumatir.

Tasirin canjin kuɗi

Denso yana sayar da kaya da dala da yuro da yuwan, amma da yen yake rubuta lissafinsa. Idan yen ya faɗi, kamar yadda ya yi daga 2022 har dala ɗaya ta haura yen 150, cinikin waje yakan kumbura a takarda ko da yawan kayan da aka sayar bai ƙaru ba. Duk wanda ake biya da dala yana kashewa da naira ya san wannan. Saboda haka mai karanta rahoton kamfani ya riƙa tambaya: ƙarin nan daga yawan kaya ne, ko daga farashi, ko daga canji?

Inda kuɗin ke zurarewa

Na farko, kayan ƙira. Tagulla, alminiyom, ƙarfe, roba da cip su ke cin kaso mafi girma. Idan farashinsu ya tashi, sai an zauna da mai harhaɗawa an yi ciniki kafin ya yarda a ƙara masa, kuma kafin a daidaita asarar tana kan mai kaya.

Na biyu, bincike. Denso yana kashe sama da yen biliyan 500 duk shekara a kan bincike da ƙirƙira. A shekarar da ta ƙare Maris 2024, wannan kuɗi ya fi ribar aikin kanta yawa.

Na uku, kuskuren ƙira. Daga 2020 aka fara janye motoci saboda wani famfon mai na Denso. Wata 'yar farfelar roba da ke cikin famfon takan kumbura ta cije, mai ya daina zuwa, injin ya mutu ana cikin tafiya. Janyewar ta shafi miliyoyin motocin Toyota da Honda da Subaru da Mazda, ta kuma ci gaba har ƙarshen 2023. Farfelar ba wani kuɗi gare ta ba, amma ga sabon famfo, ga ladan bakanike, ga aika wa masu motoci saƙo, sau miliyoyi. Kuɗin da aka ware don matsalar inganci yana cikin abin da ya danne ribar shekarar da ta ƙare Maris 2024. Yawan da ke tara riba, shi ne kuma ke ninka asara.

Na huɗu, tsayawar layi. Tsarin Toyota shi ne a kawo kaya daidai lokacin da ake buƙata, ba a tara su a rumbu. Yana rage ɓarna, amma idan abu ɗaya ya yanke komai sai ya tsaya. Haka aka gani a ƙarancin cip na 2020 zuwa 2022: rashin cip na 'yan daloli ya hana motoci fita, masu esi da lagireto su ma cinikinsu ya tsaya. Bayan wannan ne, a 2022, Denso ya zuba dala miliyan 350 a masana'antar cip da TSMC ya gina a Kumamoto ta Japan.

Motar lantarki: me za ta kashe, me za ta raya?

Motar da batir kaɗai ke ja ba ta da fulogi, ba ta da injekta, ba ta da famfon mai, ba ta da altaneta ko kik irin na injin. Wato wani babban yanki na cinikin Denso yana kan kayan da kasuwarsu za ta riƙa raguwa. Kamfanin ya fara sauke wasu tun da sauran darajarsu. A 2022 ya miƙa harkar famfon mai ga kamfanin Aisan. A 2023 kuma ya sanar da fara tattaunawar miƙa harkar fulogi da wasu sensa na hayaƙi ga Niterra, kamfanin da ke yin fulogin NGK.

A ɗaya gefen, motar lantarki tana buƙatar sababbin kaya masu tsada. Babba a cikinsu ita ce inbata. Duk mai sola a gida ya san aikinta: tana juya wutar batir ta koma irin wadda na'ura ke so. Ta mota haka take, sai dai ƙarfinta ya ninka na gida sau da yawa, kuma ita ke sarrafa gudun moto. A 2019 Denso da Aisin suka kafa kamfanin BluE Nexus don haɗa moto da inbata da giya a dunƙule ɗaya. A 2023 Denso ya fitar da inbatarsa ta farko mai cip na silikon kabayid, wadda ba ta ɓarnar wuta kamar ta silikon zalla, aka sa ta a Lexus RZ. A shekarar kuma ya zuba dala miliyan 500 a sashen silikon kabayid na kamfanin Coherent na Amurka, don ya tabbatar da samun kayan.

Sashen sanyaya ma ya samu sabon aiki. Batir ba ya son zafi, ba ya son sanyi mai tsanani, kuma babu zafin injin da za a ɗumama cikin mota da shi. Duk wannan ciniki ne ga mai esi.

Motar da ta fi yi wa Denso daɗi a yanzu ita ce mai haɗa fetur da batir, irin Prius da Toyota ya fara sayarwa a 1997. Tana da injin, tana da inbata da moto, ke nan ana sayar mata da kayan tsohon zamani da na sabo a lokaci guda. Haɗarin kuwa a bayyane yake: kamfanoni irin su BYD na China da Tesla na Amurka suna ƙera da yawa daga cikin waɗannan kaya da kansu, ba sa jiran hawa na ɗaya.

Abin da mai karatu zai ɗauka

Ga mai mota: sunan da ke jikin tsohon abin da aka ciro shi ne jagora. A duba sunan da lambar da ke jiki, a nemi irinsa wajen dillalin da aka yarda da shi, a gwada lambar da kundin kamfanin a intanet. Fulogin iridiyom da ake sayarwa da kuɗin na gama-gari abin zargi ne. Araha ba ta ado.

Ga ɗan kasuwa: kwastoma ɗaya mai ɗauke rabin kaya ni'ima ce, kuma igiya ce a wuya. Ciniki mai yawa ba shi ne riba ba. Kuskure ƙarami a kan kaya masu yawa yana iya cinye wahalar shekara guda.

Ga mai koyon manhaja: mota ta zama kwamfuta mai taya, kuma ƙofar shiga ba ta da tsada. Yawancin manhajar ƙananan kwamfutocin mota da yaren C ake rubuta ta, bisa ƙa'idoji masu tsauri irin su MISRA C, kwamfutocin kuma suna magana da juna ta hanyar CAN, wadda Bosch ya fitar a 1986. Kusan duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, kuma yawancin motocin da ake shigowa da su na hannu suna da shi. Da 'yar na'urar ELM327 da wayar Android za a iya tambayar injin. Idan aka aika 010C, motar za ta amsa da saurin juyawar injin. A ce amsar ita ce 41 0C 1A F8: 1A shi ne 26, F8 shi ne 248, sai a yi 26 sau 256 a tara da 248 a raba da 4, ya ba da juyi 1,726 a minti. Daga nan sai a wuce zuwa karanta lambobin matsala, irin P0300 da ke nuna injin yana tsallake wuta.

Wanda ya iya wannan zai iya haɗa manhajar da ke fassara wa bakanike lambobin nan da Hausa, ko wadda ke ajiye wa mai motocin haya tarihin gyaran kowace mota. Masahiro Hara ma daga matsalar ma'aikata masu haska bakod ya fara.